Maigidana zai bar giya: a gida za mu yi jinyarsa ko a ba shi gado a asibiti?

Tambaya: "Likita, barka da ƙoƙari. Ni matar aure ce a nan Jos, 'ya'yanmu huɗu. Baban yaran shekararsa 46, direba ne, kuma ya fi shekara 15 yana shan giya. Da can da yamma kawai yake sha, yanzu ko da sassafe sai ya sha 'yar leda ɗaya ko biyu kafin hannunsa ya daina rawa, wani lokaci har goskolo, barasar nan mai zafi da ake haɗawa a gida. Bara da azumi ya kama ya bari da kansa, a rana ta biyu ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga. Aka yi masa tofi ya farfaɗo, bayan 'yan kwanaki ya koma ruwa. Yanzu ya rantse zai bari gaba ɗaya. Shi yana so a yi a gida, akwai mai kemis a unguwarmu da ya ce zai sa masa ƙarin ruwa da allurar barci. Ƙaninsa kuma ya ce a kai shi asibiti a kwantar da shi. Ni ina tsoron kuɗi, ina kuma tsoron bakin mutane. Don Allah wanne ya fi?"

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri. Shi ma ki gaishe min da shi, domin mutumin da ya shekara 15 yana sha sannan ya buɗe baki da kansa ya ce zai bari, ya yi abin a yaba masa.

In na fahimce ki da kyau, kina tambaya ne a kan kwanakin farko bayan ajiye kwalba, kwanakin da jiki ke yin bore: ya yi su a gida yana zuwa ganin likita yana dawowa, ko a kwantar da shi a asibiti har su wuce? Duka hanyoyin biyu halastattu ne a likitance, kuma mutanen da muke sallama su yi a gida sun fi waɗanda muke kwantarwa yawa. Amma a kan maigidanki, ƙaninsa ke da gaskiya. Abin da ya yanke hukuncin yana cikin tambayarki, a wurin da kika wuce shi da jimla biyu, wato faɗuwar nan ta bara. Mutumin da ya taɓa jijjiga bayan ya daina sha, ba na yarda ya sake gwadawa a gida. Bari in yi miki bayanin dalili, domin ke ce za ki zauna da shi ki shawo kansa, kuma sai kin gamsu za ki iya gamsar da shi.

Abin da ke faruwa a jiki idan aka daina

Barasa danne ƙwaƙwalwa take yi. Akwai sinadarai biyu da suka fi riƙe da daidaiton aikin ƙwaƙwalwa. Ɗaya ana ce masa GABA, aikinsa kwantarwa. Ɗayan gulutamet, aikinsa zaburarwa. Giya tana ƙara wa na farko ƙarfi, tana rage na biyu. Wanda ke sha jefi-jefi ƙwaƙwalwarsa ba ta sauya komai saboda haka. Amma wanda ke sha kullum shekara da shekaru, ƙwaƙwalwarsa gyara zama take yi: ta rage jin mai kwantarwa, ta ƙara mai zaburarwa, don mutumin ya iya tashi ya riƙe sitiyari duk da abin da ke yawo a jininsa. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya, sai ya zama kamar mutum biyu da suka daɗe suna jan igiya, ɗaya ya saki ba sanarwa. Ƙarfin da ɗayan yake ja da shi ne zai maka shi da ƙasa.

Abin yana da lokutansa, kuma ya kamata ki san su. Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe ake fara ganin karkarwar hannu, zufa, tashin zuciya ko amai, faɗuwar gaba, bugun zuciya da sauri, ciwon kai da rashin barci. Rawar hannun da kike gani da safe ita ce wannan matakin. Barcin dare kaɗai ya isa giyar ta ragu a jininsa har jiki ya fara nema, 'yar ledar da yake sha da sassafe kuwa ita ce ke kashe alamun. Ga likita, wannan shaida ce mai ƙarfi cewa jikinsa ya dogara da barasa sosai.

Jijjiga irin ta farfaɗiya tana zuwa ne tsakanin awa 6 zuwa 48, ta fi yawa a ƙarshen rana ta farko da cikin ta biyu. Ki duba yadda wannan ya zo daidai da labarinki. A cikin wannan tsakanin ne kuma wasu ke fara gane-gane da jiye-jiye alhali sun san inda suke, sun san mutanensu.

Mafi haɗari shi ne abin da likitoci ke kira DT, wanda ke zuwa daga awa 48 zuwa 96, wato rana ta uku ko ta huɗu, daidai lokacin da iyali suka fara ajiyar zuciya suna cewa an tsallake. Mutum ya ruɗe, bai san rana ba bai san wuri ba, jiki ya ɗau zafi, zufa ta jiƙa riga sharkaf, zuciya na gudu, jini ya hau. Za ki gan shi yana tsintar wani abu a kan zanen gado da yatsu, ko yana kakkaɓe ƙwarin da babu su daga jikinsa, ko ya nuna kusurwar ɗaki ya ce ga maciji, ko ya zabura cikin dare zai fita wai an kira shi tasha. Da dare abin ya fi tsanani. DT bai cika yawa ba, kimanin mutum 3 zuwa 5 cikin 100 na waɗanda aka kwantar saboda barin giya ne ke kaiwa gare shi. Sai dai yana kisa. Kafin a samu magungunan yanzu, wasu rahotanni sun nuna yana kashe har kusan 1 cikin 3. Da kulawar asibiti mai kyau adadin ya sauko ƙasa da 5 cikin 100. Littattafan likitanci kuma sun daɗe da nuna cewa cikin masu jijjiga saboda barin giya, kusan 1 cikin 3 suna zarcewa DT in ba a yi musu magani ba. Ina kyautata zaton komawar da maigidanki ya yi ga sha bayan faɗuwar nan tana cikin abin da ya tare masa wannan matakin, duk da cewa ba abin da kuka so ke nan ba.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su sani ba. Duk lokacin da mutum ya bari, jiki ya yi bore, ya koma ya sake bari, boren na gaba yakan fi na baya zafi. Ƙwaƙwalwar tana ƙara saurin kamawa. Don haka lissafin "bara ma ya faɗi ya tashi, bana ma zai tashi" lissafi ne da ke tafiya a baibai.

A nan Jos sau da yawa irin wannan ruɗewa ana ɗaukarta iska ce ko sammu, a tafi wurin malam ko fasto a kwana ana addu'a. Ba ni da ja da addu'a, a yi ta a gefen gadon asibiti ma, muna maraba da ita. Abin da nake roƙo shi ne a lura da lokaci. Mutumin da aka san yana sha kullum, ya daina, bayan kwana biyu ko uku ya fara sambatu da gane-gane, barin giyar ne ake fara zargi har sai an tabbatar ba shi ba ne. Mun fi ganin haka a farkon watan Ramadan, da farkon azumin Kiristoci, da kuma a jikin waɗanda aka kwantar saboda wata larura dabam. Na taɓa duba wani magidanci da aka kwantar saboda karaya bayan haɗarin mota. Dare na uku ya fizge ƙarin ruwan da ke hannunsa yana neman dira daga gado da ƙafa a ɗaure. Sai da aka ja ɗansa gefe aka tambaye shi a hankali, sannan ya sunkuyar da kai ya ce baba yana sha kullum. Kunya ce ta hana su faɗa tun ranar farko, kuma da sun faɗa da an tare abin da 'yan ƙwayoyi kaɗan.

Wane ne zai iya yi daga gida

Jinya daga gida tana da ma'ana takamaimai, kuma ta sha bamban da a rufe ɗaki a ce ya daure. Likita zai fara duba mutum, ya auna jini da bugun zuciya da zafin jiki, ya duba suga da aikin hanta da ƙoda. Zai rubuta magani daga dangin dayazifam, wanda aka fi sani da Valium, a riƙa rage shi kullum har a daina cikin kwana 5 zuwa 7. Ba a damƙa wa majinyaci maganin mako guda a hannu. Na kwana ɗaya ko biyu ake bayarwa, a hannun mai jinya, kuma a kwanakin farko kullum sai ya zo an gan shi. Dole a samu babban mutum mai hankali, wanda ba ya sha, da zai kasance tare da shi dare da rana. Dole gidan ya zama babu giya, domin haɗa wannan magani da barasa na iya tsayar da numfashi. Ba tuƙi. Sannan a san da wace mota za a fita in abu ya taso ƙarfe biyun dare.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ina ba shi muhimmanci fiye da yadda littattafan ƙasashen waje ke ba shi. Su suna rubutu ne don wuraren da ake kiran motar asibiti ta iso cikin mintuna. Mu a nan, wanda ke can cikin Rikkos ko Gangare ko bayan Bukuru ya san wahalar samun keke da tsakar dare, balle a ce garin ya ɗan rikice an sa dokar hana fita. Nakan tambayi iyali kai tsaye: motar wa, kuma mai motar ya san za a iya tashinsa daga barci? In aka fara kallon juna, na san amsar.

In an cika waɗannan sharuɗɗa ga mutumin da ya dace, hanyar tana aiki. Wani bincike da aka yi a Filadelfiya ta Amurka, aka buga a 1989, ya raba maza 164 masu alamu marasa tsanani gida biyu, wasu a gado wasu suna zuwa daga gida. Bayan wata 6 ba a ga bambanci tsakaninsu ba, kuma kuɗin da aka kashe wa na gida bai kama ƙafar na gado ba. Amma abu biyu: kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka kwantar sun kammala maganin, na gida kuwa kashi 72 ne, sannan tun farko masu alamu masu sauƙi da matsakaita kaɗai aka ɗauka. Wanda zai kafa hujja da wannan bincike ya faɗi rabin nan na biyu ma.

Muna da ma'auni da ake kira CIWA-Ar, mai duba abubuwa 10, daga tashin zuciya da karkarwa da zufa har zuwa gane-gane da sanin rana da wuri, makinsa duka 67. Za a ce ya miƙe hannuwa ya ware yatsu, wani lokaci in ɗora masa fallen takarda a bayan hannu don karkarwar da ido bai kama ba ta bayyana. A ƙa'idar da ƙungiyar likitocin shaye-shaye ta Amurka ta fitar a 2020, ƙasa da maki 10 abu ne mai sauƙi, 10 zuwa 18 matsakaici, 19 zuwa sama mai tsanani. Sai dai ma'aunin yana faɗin halin da mutum ke ciki ne a wannan awar kawai. Maigidanki zai iya shan ledarsa da safe ya zo gabana da hantsi hannu tsaf, makinsa ya fito ƙasa. Abin da ke nuna min yadda rana ta uku za ta kasance shi ne abin da ya faru a baya, shi ya sa nake nanata faɗuwar bara.

Wanda sai gado

Na farko wanda ya taɓa jijjiga ko ruɗewa bayan barin giya, ko mai ciwon farfaɗiya. Wannan shi kaɗai ya wadatar. Sai mai sha da yawa ƙwarai. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a ƙa'idarta ta 2011, tana lissafi da ma'aunin mililita 10 na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya ta santilita 60 mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 tana da ma'auni 3. Mai shan fiye da ma'auni 15 a rana, wato kamar kwalba 5, yana buƙatar taimakon magani wajen bari. Mai haura 30, kamar kwalba 10, a yi tunanin kwantar da shi. Ledar barasa mai zafi ta mililita 30 mai ƙarfin kashi 40 ta ɗan haura ma'auni 1, kuma mai shanta ba ya ƙirgawa, yana tsinta ne ɗaya-ɗaya daga safe zuwa dare. Goskolo da ogogoro kuwa babu takarda a jikinsu, babu wanda ya san ƙarfinsu ko abin da aka zuba a ciki, burkutu ma ƙarfinta ya danganta da hannun mai dafawa. Don haka a wurinmu lissafin kwalba taimako ne kawai. In mutum ya ce min yana haɗawa da goskolo kuma yana karya kumallo da leda, ina sa shi a sahun masu sha da yawa ko me ya ce adadinsa.

Sai masu wata cuta a jiki: ciwon hanta, musamman in ido ya yi shawara ko ciki ya kumbura, ciwon zuciya, ciwon suga, hawan jinin da bai daidaita ba, aman jini ko baƙin bayan gida, zazzaɓi, buguwa a kai kwanan nan. Haka mace mai ciki, da dattijo, da wanda ya rame ba ya cin abinci, da mai aman da ba zai iya riƙe ƙwaya a ciki ba. Haka wanda ke maganar ya gaji da duniya ko ya taɓa yunƙurin halaka kansa. Ki kula da wannan, domin baƙin ciki yakan danno a makon farko.

Akwai tambayar da nake so ki yi masa cikin lumana, tunda direba ne: ban da giya yana shan taramol, ko maganin tari mai kodin, ko ƙwayoyin barci? Ba zarginsa nake yi ba, abu ne da ya yawaita a tashoshi don jure doguwar tafiya. Taramol da kansa yana jawo jijjiga, kuma wanda jikinsa ya saba da ƙwayar barci da giya tare, barinsu a gida ba ya yiwuwa.

Ke ma ki sa kanki a lissafi. Mace ɗaya da yara huɗu ba za ta iya riƙe ƙato mai shekara 46 da ya ruɗe yana neman ƙofa cikin dare ba. In kuma ya taɓa ɗaga miki hannu, ki faɗa wa likita, yana cikin abin da ake yanke hukunci da shi.

Maganar mai kemis

Wataƙila da kyakkyawar niyya ya yi tayin, amma kada ku karɓa. Ƙarin ruwan da aka saba sawa a gida yawanci mai suga ne. Mai shan giya na shekaru jikinsa yakan yi ƙarancin tayamin, wato bitamin B1, kuma ɗura masa suga ba tare da tayamin ba na iya tayar da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kawo ruɗewa, tangaɗi da rikicewar motsin ido. In ba a tare ta da wuri ba takan bar mutum da mantuwar da ba ta warkewa, ya gaisa da ke yanzu, bayan minti goma ya sake gaishe ki kamar bai gan ki ba. A asibiti tayamin ta allura muke bayarwa tare da ruwan ko kafinsa ga irin maigidanki, saboda hanjin mai sha ba ya tsotsar na ƙwaya yadda ya kamata.

Allurar barci kuma wuƙa ce mai kaifi biyu. In ta yi kaɗan ba ta hana jijjiga. In ta yi yawa, ko ya sha wani abu a ɓoye a kanta, numfashi na iya tsayawa, kuma babu iskar oksijin a ɗakinku. Wasu alluran da ake yi wa mai fizge-fizge don ya lafa ma ƙara haɗarin jijjiga suke yi in aka ba da su su kaɗai. Mai ciwon hanta kuwa ba kowane irin maganin ya dace da shi ba, akan sauya masa zuwa lorazefam. Duk wannan sai da awo da sa ido, nas tana dawowa bayan 'yan awoyi tana sake dubawa ana ƙara magani ko ragewa. Ga kuma abin da ya fi damuna: ba duk ruɗewar mai shan giya ce ta barin giya ba. Tana iya zama suga ce ta faɗi, ko maleriya ta hau kai, ko sanƙarau, ko jini ya taru a kai bayan wata faɗuwa da aka manta da ita. In aka yi masa allura ya yi shiru, an rufe bakin ciwon ke nan.

Kuɗi da bakin mutane

Ina ganin kalmar "kwantarwa" ce ke tsorata iyalai, suna ɗauka watanni ne a gidan gyaran hali. Abin da nake magana a kai gajere ne, yawanci kwana 5 zuwa 7, in an samu tangarɗa ya ɗan haura. Kuɗin gado da gwaje-gwaje da magani na mako guda nauyi ne, ban raina shi ba, amma magungunan da ake amfani da su tsofaffi ne masu araha. Tsadar gaske tana wurin wanda aka kawo a ruɗe bayan ya kwana biyu yana fama a gida, ƙoda ta taɓu ko amai ya shiga huhu. Tunda ƙaninsa ne ya kawo shawarar, a zauna da shi a yi lissafi tun yanzu. In kuna da inshorar lafiya ta PLASCHEMA ko NHIA, ku tambayi abin da take ɗauka. Manyan asibitoci kuma suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, a nemi ganinsu ba tare da jin nauyi ba.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, can ne zan fara nuna muku. Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato da asibitin Jankwano su ma za su iya duba shi, su tura ku inda ya dace in da buƙata. Ku je da safe ranar aiki, a yanki kati, a faɗa wa likita komai: me yake sha, tun yaushe, ƙarfe nawa ya yi shan ƙarshe, da faɗuwar bara dalla-dalla. Sirrin majinyaci amana ce a kanmu, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta wajabta kiyaye shi. Maƙwabta abin da za su sani shi ne ba shi da lafiya an kwantar da shi, kuma gaskiya ce. Mutumin da ya fito tsakar gida tsakar dare yana ihu ya ga macizai, shi ne unguwa ke kwana da labarinsa.

Abin da ba zan amince da shi ba ko kaɗan shi ne kai shi gidan da ake ɗaure mutane da mari a ce ana raba su da shaye-shaye. Kowa ya tuna 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna. Ban da wulaƙanci, mai shan giya kullum da aka kulle ba magani yana iya mutuwa a dare na uku. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta zo ne don kare mutuncin irin waɗannan majinyata.

Kafin ranar zuwa asibiti

Abin da zan faɗa yanzu zai yi miki nauyi, na sani, musamman ga wanda ya yi rantsuwa yana son tuba. Kada ya yanke shan farat ɗaya kafin ya ga likita. Kada ki zubar da abin da ya ɓoye yau da dare da nufin taimaka masa. Ba ina halasta masa giya ba ne, ina cewa a matso da ranar ganin likita kusa, gobe ko jibi, ya ajiye ta a inda akwai maganin da zai tare abin da zai biyo baya. Kuma kada ya haɗa kwanakin nan da azumi, domin hantar mai sha ba ta iya riƙe suga in ciki ba abinci. Marar lafiya ne a wannan makon, malaminku zai yi muku bayanin rangwamen da addini ya yi masa.

In kuwa ya riga ya daina kafin ki karanta wannan, ku tafi sashen gaggawa yau, kada ku jira alama. In ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai buge shi, a sassauta masa wuyan riga. Kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko manja ko rubutu yana cikin wannan hali, huhu suke tafiya. Da ta lafa a ɗauke shi zuwa asibiti ko da ya miƙe ya ce garau yake ji.

Ban gan shi ba, ban auna shi ba, abin da kika rubuto kawai nake da shi. Likitan da ya duba shi zai iya gano cewa faɗuwar bara tana da wani sanadin, kamar faɗuwar suga ko farfaɗiyar da ba a sani ba, amma kowanne daga ciki ƙarin dalili ne na ba shi gado. In ya kafe ya ce shi ba zai kwana asibiti ba, kada a yi masa dole, a lallashe shi ya je ganin likita kawai tukuna. Da yawa sukan sauko in aka ce musu kwana biyar zuwa bakwai ne, kuma suka ji bayanin daga bakin da ba na gida ba.

Bayan an sallame shi

Makon nan fitar da shi daga haɗari kawai yake yi, sha'awar giyar tana nan. Rashin barci da saurin fushi na iya ɗaukar makonni, a nan ne da yawa ke komawa. Akwai magungunan rage sha'awa, naltirekson da akamfurosat, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magungunanta a 2023. Ku tambayi likita wanne ake samu kuma wanne ya dace da hantarsa. Naltirekson ba ya haɗuwa da taramol ko kodin, wannan ma dalili ne na ya faɗi gaskiya tun farko. Kada ki yarda da mai ba ki garin magani ki zuba masa a abinci a ɓoye wai ya tsani giya, akwai irinsa da ke jefa mutum cikin mummunan hali in ya sha barasa a kai.

Kafin ku bar asibiti ku karɓi ranar dawowa a rubuce, ku tambayi lokacin da ya halatta ya koma tuƙi, domin wanda ya yi jijjiga kuma yake kan maganin barci bai kamata ya ɗauki fasinja ba sai likita ya sallame shi. A yi masa gwajin ciwon hanta nau'in B, yana da yawa a ƙasar nan kuma shi da giya suna haɗuwa su cinye hanta da wuri. Ƙaninsa ya taimaka wajen cike masa yammacin da ya saba yi a mashaya, lokacin da ya fi wuya ke nan, balle da sanyin hunturun Jos da ake fakewa da shi a ce ana ɗumama jiki. In kuma ya zame ya koma sha kullum, ku dawo asibiti kafin ya sake ajiyewa, a sake tsara masa daga farko.